Barkwancin shirme mai ɗauke da damuwa: da wanne zan fara?

Sadiya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Na gaji da barkwancin da za ka sha dariya ka tashi ba ka riƙe komai ba. Wata ƙawata ta ce akwai shirye-shiryen Turawa da shirme ne tsagwaronsa, dabbobi na magana, mutum ya mutu ya dawo, amma can ƙasa zancen rashi da ciwon damuwa ake yi. Da wanne zan fara? Turancina ba laifi in akwai rubutu a ƙasan allo.

Nafi'u: Wa alaikumus salam. BoJack Horseman, ba sai an ja zance ba. Katun ne na Netflix, Raphael Bob-Waksberg ya ƙirƙiro shi, zango shida daga 2014 zuwa 2020. Doki ne mai tafiya da ƙafa biyu, tsohon tauraron talabijin da aka daina yayinsa, yana zaune a ƙaton gida a Hollywood yana shan giya yana ɓata duk wanda ya raɓe shi. Mai nema masa aiki kyanwa ce, abokin hamayyarsa kare ne, kuma ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Sadiya: Katun kuma, Yaya Nafi'u? Ni fa na wuce Tom and Jerry.

Nafi'u: Haka kowa ke cewa da farko, ƙanwata. Ki daure wa rabin zangon farko, don ya fi sauran rauni, kamar masu shirin ba su gama gano abin da ke hannunsu ba. Daga nan sai abu ya juya.

Bari in ba ki misali da kashi na 6 a zango na 5, "Free Churro". In ban da ɗan gajeren tuna baya a farko, gaba ɗaya kashin BoJack ne shi kaɗai tsaye gaban akwatin gawar mahaifiyarsa yana jawabin bankwana, sama da minti ashirin, ba muryar kowa sai tasa. Uwar ba ta taɓa nuna masa so ba. Maimakon ya yi kuka sai ya koma sana'arsa, yana jefa barkwanci, yana tsokanar gawar wai ta ƙwanƙwasa in ta yarda da abin da ya faɗa. Ya ba da labarin yadda ya tsaya sayen abinci a hanya, ya ce wa mai sayarwar uwarsa ta rasu, ta ba shi wani soyayyen abin fulawa kyauta, ya ce wannan ɗan kirkin ya fi duk wanda uwarsa ta yi masa a rayuwa. Kina dariya, amma kina ganin mutumin da ya san in ya yi shiru na daƙiƙa goma zai rushe. A ƙarshe ya buɗe akwatin, ashe ɗakin jana'izar wasu ya shiga.

Ummi Zariya: Haba Nafi'u! Ka faɗa mata ƙarshen kuma me ya rage?

Nafi'u: Ko ta san ƙarshen sai ya taɓa ta, Ummi. Ba a nan daɗin yake ba.

Ummi Zariya: To ni abin da ya riƙe ni a BoJack daban ne. Shirin bai yarda ciwon da ke ransa ya zame masa uzuri ba. An nuna mana daga ina abin ya taso: a zango na 4 an koma baya, yayan uwar tasa ya mutu a yaƙin duniya na biyu, kakarsa ta kasa jurewa, mijinta ya sa aka yi mata aikin ƙwaƙwalwa don ta daina kuka, yarinyar, wato uwar BoJack, ta tashi da darasin cewa so haɗari ne. Mun tausaya. Duk da haka wanda BoJack ya cuta ya cutu, kuma zangon ƙarshe ya sa shi ya biya. Sannan akwai Diane, marubuciyar da ta fara shan maganin ciwon damuwa, ta yi ƙiba, kuma ko sau ɗaya shirin bai mai da ƙibar abin dariya ba. Shirin da ke yi wa komai da kowa gugar zana, nan ya kame bakinsa.

Anti Rabi: Sadiya, kafin su ɗora ki a kan dokin nan, in tambaye ki. Don nishaɗi kike nema, ko akwai abin da ke damun ki yanzu? Ba sai kin faɗa a nan ba. Na tambaya ne saboda BoJack na da kashin da ke saka mai kallo cikin kan dokin, ana jin muryar da ke zaginsa tun daga tashi barci har dare. Wanda ya warke zai ce wallahi haka abin yake. Wanda ke tsakiyar ciwon, ba lallai ya yi masa daɗi ba. Kuma akwai giya da ƙwaya da maganganun banza, ba na kallo da yara ba ne.

Sadiya: Lafiya lau nake, Anti, na gode da kulawa. Sha'awa ce kawai.

Abba Ƙarami: Tunda lafiya take, a ba ta "Pickle Rick" 😂 Rick and Morty, zango na 3, 2017. Rick dattijo ne, masanin kimiyya da ya fi kowa basira a duniya. An ce ya zo a je wurin likitar da ke sasanta iyali, shi da 'yarsa da jikokinsa. Don kada ya je sai ya mai da kansa kokwamba. Kokwamba fa, mai ido da baki. Ya faɗa magudanar ruwa, ya yi yaƙi da ɓeraye, ya haɗa wa kansa hannu da ƙafa da gaɓoɓinsu, ya karkashe 'yan bindiga, duk don ya kauce wa zaman awa ɗaya. A ƙarshe dai ya ƙare a kujerar likitar, ta gaya masa cewa gyaran zumunci aiki ne na kullum mai gundura, shi kuwa ya gwammace ya mutu da ya yi aiki mai gundura. Kashin ya ci kyautar Emmy.

Ummi Zariya: Kuma samari suka kalla suka tafi da ihun kokwamba, suka bar maganar likitar a nan. Matsalar Rick ke nan a wurina, shirin yana sukarsa amma yana sa shi ya burge. BoJack ba ya burge kowa.

Abba Ƙarami: Wannan kuma laifin masu kallo ne, Yaya Ummi.

Ummi Zariya: Rabi da rabi.

Baffa: Yara, kuna ta magana kamar Netflix ce ta ƙirƙiro abin. Duk kun san Mr Bean. To Rowan Atkinson ɗin nan, kafin Mr Bean ya fito a talabijin, ya yi Blackadder a BBC. Zango na huɗu, Blackadder Goes Forth, 1989, a ramukan yaƙin duniya na ɗaya aka kafa shi, shekarar 1917. Shi kyaftin ne da ya gane cewa janar ɗinsu, wanda ke zaune a katafaren gida nesa da fagen daga, zai tura su a karkashe a banza. Kowane kashi dabarar gudu yake ƙullawa, tana rushewa. A na ƙarshe ya kifa kamfai a ka, ya cusa fensir biyu a hanci, wai ya haukace a mai da shi gida. Ba ta yi ba. Sai barkwancin ya yi ta raguwa, ɗaya bayan ɗaya suna furta cewa tsoro suke ji, aka busa usur suka fita daga ramin. Ba a sa kiɗan rufewa na kullum ba, filin ya rikiɗe ya koma jajayen furanni.

Amurkawa ma suna da M*A*S*H, likitocin soja a yaƙin Koriya. Yaƙin shekara uku ya yi, shirin ya yi zango goma sha ɗaya, 1972 zuwa 1983, kuma an fara shi ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, don haka kowa ya san da wa ake. Akwai sojan da ke yawo da rigunan mata don a sallame shi a matsayin mahaukaci. Kashin ƙarshe mutum sama da miliyan 100 suka kalla a Amurka. Ba zan yi irin ta Nafi'u ba, amma in kin kai wurin labarin kaza a cikin bas, ki shirya.

Nafi'u: Allah ya ja kwana, Baffa, an karɓi gyara 😅

Malam Habu: Tun kafin wani ya kawo The Good Place, ni ban ba da shawararsa ba. Lahira ba wurin wasa ba ce.

Ummi Zariya: Allah gafarta Malam, ina shirin kawo shi kuwa. Na fahimci uzurinka, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bar shi. Sai dai ba aljanna da wuta na wani addini suke kwaikwayo ba. Ofis ne suka ƙago, da akawu masu lissafin maki, kuma zambon a kan rayuwar zamani yake: an gano shekara 521 ba wanda ya ci jarrabawar shiga wurin mutanen kirki bayan mutuwa, saboda ko tumatir ka saya akwai zaluncin da ke bayansa wanda ba ka sani ba. Akwai malamin falsafa, Chidi, da tsoron yin kuskure ya hana shi zaɓar komai har cikinsa na ciwo. Duk mai yawan tunani zai ga kansa.

Malam Habu: Na ji, Malama Ummi. Ina nan a kan bakana. Ga waɗansu da yawa da ba su taɓa wannan wurin ba.

Hajara: Ba wanda ya ambaci The Rehearsal? Na tashar HBO ne, 2022, Nathan Fielder ya ƙirƙiro shi. Wannan ba katun ba ne, kuma mutanen gaske ne. Tunaninsa shi ne, in maganar da za ka yi tana ba ka tsoro, zo mu yi gwaji. Wani mutum ya daɗe yana yi wa abokansa ƙaryar yana da digiri na biyu, yana so ya faɗi gaskiya. Nathan ya sa aka gina kwafin mashayar da za a yi maganar, har kujerun, ya ɗauko 'yar wasa ta zama ƙawar mutumin, aka yi ta maimaitawa. Abin dariya, wai yaro ya tsinci haƙori. Amma wane ne a cikinmu bai taɓa kwana yana tsara abin da zai gaya wa mahaifinsa ba, in ya ce kaza in ce kaza? Shi kawai ya samu kuɗin HBO ya gina abin. Daga baya ya koma gwajin renon ɗa da yara 'yan wasa, sai wani ƙaramin yaro da ya tashi ba uba ya ɗauki abin da gaske, ya ƙi daina kiransa baba. Daga nan ban ƙara dariya ba, kuma har yau ina jin haushin an sa yaron a ciki.

Abba Ƙarami: Russian Doll ma, zangon farko kashi takwas. Mace ce ke ta mutuwa tana farkawa a banɗaki ranar da ta cika 36, shekarun da uwarta ba ta kai ba.

Anti Rabi: Fleabag na da kyau ƙwarai wajen nuna murmushin da ya fi kuka ciwo, duk sanda abu ya yi mata zafi sai ta juyo ta kalli kyamara ta yi mana barkwanci. Amma batsar ciki ta yi yawa, ba zan ce ki kalla ba.

Sadiya: Mu fa, ba mu da irin wannan a namu?

Hajara: Gidan Badamasi na Arewa24 ya ɗan leƙa wurin, tsoho mai kuɗi da tarin 'ya'ya kowa idonsa na kan dukiyar. Zambon yana cizo. Sai dai ba ya tsayawa ya bar ka da tsohon shi kaɗai, da an kusa sai a jefo wata dariyar.

Sadiya: To na gode muku. Datata ba za ta ɗauki zango shida yanzu ba. Baffa, Blackadder ɗin sai na fara daga na ɗaya?

Baffa: A'a 'yata, kowane zango zamaninsa daban, ki tafi kai tsaye na huɗu. Kashi shida ne, kowanne kusan rabin awa. Ki kunna rubutun ƙasa, Turancin Ingila ne kuma da sauri suke yi.

Nafi'u: In albashi ya shigo ki dawo kan dokin.

Malam Habu: Ku dai ku bar ta ta yi sallar isha'i tukuna.