Don Allah a warware min batun gurbin ilektron

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa ɗaliban fiziks. Kwana uku ke nan ina fama da gurbin ilektron a semikondakta (abu irin silikon, da ke tsakanin mai ɗaukar lantarki sosai da wanda ba ya ɗauka), na kasa wucewa.

Farkon na gane shi. Silikon yana da ilektron 4 a zagayen waje, boron 3, to idan aka cusa boron cikin silikon sai a samu gurbi. Ilektron na kusa ya faɗa ciki ya bar nasa wurin, kamar mutane a layin kujeru: kowa ya matsa gaba, kujerar da ba kowa ta koma baya.

Inda na cije shi ne gwajin da Edwin Hall ya yi a 1879, inda ake sa maganaɗisu kusa da abin da lantarki ke bi ta cikinsa, a auna boltej tsakanin gefunansa biyu. In dai ilektron ne ke tafiya a zahiri, ai maganaɗisu gefe ɗaya zai tura su, ko a semikondakta nau'in n (mai rarar ilektron) ko a nau'in p (mai gurabe, irin na boron ɗin nan). Amma alamar boltej ɗin juyewa take yi tsakanin nau'o'in biyu. Sau biyar na zana kibiyoyin a takarda, amsata ba ta zo daidai da ta littafi ba.

An ce min ilektron na can saman bandin balens (rukunin matakan makamashi na ilektron ɗin zagayen waje) yana motsi kamar nauyinsa ƙasa da sifili ne. Yaya haka? Ko misalin kujerun ne ke ɓatar da ni?