Neman kalma: me za mu kira "terminal" da "group" a fayilolin saiti?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta wa ɗalibaina darasin FreeBSD (babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, dangin Unix) da Hausa, sai na cije a kan fayiloli biyu, /etc/ttys (na "terminal", wato wurin da mutum ke buga wa kwamfuta umarni) da /etc/group (na "group"). Na kawo maganar nan shekaranjiya, an yi ta bayar da shawara, ga inda na tsaya.

Wanda ya fara amsa mini cewa ya yi mu kira "terminal" tasha. Yallaɓai, ban karɓa ba. Da ka ce tasha, abin da Bahaushe zai hango shi ne mota da 'yan kamasho. Wani kuma ya ce allo. Shi ma bai zauna ba, domin abin ya girmi allon kwamfuta. Sunan tty da muke gani gutsuren sunan wani injin buga rubutu ne da ake jona shi da waya, irin su Teletype Model 33 na 1963. Lokacin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara Unix a Bell Labs ta Amurka a 1969, da irin waɗannan injuna ake magana da kwamfuta: ka danna haruffa, ta amsa maka a kan takarda.

To mu duba aikin kansa. Ga layi ɗaya daga /etc/ttys:

ttyv0 "/usr/libexec/getty Pc" xterm onifexists secure

Idan kwamfuta ta tashi, init, wato manhajar da ke tayar da sauran, ne ke karanta wannan fayil, sai ya ajiye wata manhaja mai suna getty a kowane wuri da aka ce a buɗe. Getty zai zauna yana jira, ya tambayi sunanka, ya miƙa ka ga manhajar da za ta nemi kalmar sirri. Kalmar ƙarshe a layin, wato secure, tana nufin an amince root, mai cikakken iko, ya shigo ta nan kai tsaye. Idan aka cire ta, ko ya kawo kalmar sirri daidai ba za a buɗe masa ta wannan wuri ba.

Da na kalli wannan, zaure ne ya faɗo mini a rai, kuma wallahi har yanzu ina son kalmar. A zaure baƙo ke yin sallama, a tambaye shi ko wane ne, sannan a yi masa iso. Sai wata 'yar'uwa ta tuna mini cewa mutanenmu sun riga sun ba wa WhatsApp wannan kalma, kowa yana cewa zauren kaza. Hajiya, kin yi gaskiya. Ɗalibin da ya ji zaure a darasin da ake maganar /etc/group zai ɗauka fayil na biyu ake nufi, alhali na farko ne. Dole na haƙura.

Saboda haka na tsaya a kan mashiga, jam'i mashigai. Wadda aka yi wa alamar secure kuma, amintacciyar mashiga.

Kalma ta biyu, "group", ba ta ba ni wahala sosai ba. Ga layinta daga /etc/group:

wheel:*:0:root

Suna, gurbin kalmar sirri, lamba, sai waɗanda ke ciki. An ce ƙungiya, amma ƙungiya tana da shugaba da taro, kuma mutum da ƙafarsa yake shiga. Nan kuwa mai kula da kwamfuta ne ke kasa mutane gida-gida don ya raba musu izini. A FreeBSD, wanda ba ya cikin wheel ba zai iya zama root ta hanyar umarnin "su" (na sauya mai amfani) ba. A Ubuntu kuma, wani nau'in Linux, "group" mai suna sudo ne ke riƙe da irin matsayin wheel. Saboda haka "group" rukuni ke nan. Sunayen wheel da root dai a bar su yadda suke, tunda haka na'ura ke karanta su.

Ga yadda jimlar ta fito a darasin: "Root ba ya shiga sai ta amintacciyar mashiga, sauran jama'a su shiga da sunansu, wanda ke rukunin wheel ya nemi ƙarin iko daga ciki."

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ku karanta ta da ƙarfi ku gaya mini ko mashiga ta zauna a kunnenku kafin in raba wa yara takardun.