"Da ɗan gari akan ci gari": zargi ne ko shawara?

Ɗan Fagge: Jama'a, ku warware mini. Duk lokacin da aka sace shanu a wajen dajin Falgore, ko aka ɗauke mutum a ƙauyukan iyakar Katsina, wannan karin maganar ce a bakin kowa. Haka magabata suka nufa da ita?

Malamin Gwale: "Ci" a nan cin yaƙi ne. Gari mai ganuwa ba ya ciwuwa sai wani na ciki ya nuna ƙofar da ba ta da tsaro. Yau sunansa infoma. Shi ya san wanda ya sayar da bijimi ran Juma'a a Wudil, da ɗakin da yake kwana, da lokacin da 'yan sintiri suke tashi. Wani kuma fetur da burodi yake kaiwa daji, dalilin da ya sa Zamfara ta hana sayar da mai a jarka a 2021 ke nan.

Hajiyar Kurna: Allah gafarta Malam, ka ɗauki rabi. 'Yan kasuwa ma suna faɗar ta, kuma ba da mugun nufi ba. Baƙon da ya kawo hatsi Dawanau ba shi da mai masauki, a hannun 'yan damfara zai kwana.

Dattijon Yakasai: Hajiya ta yi gaskiya, kuma a nan tsarin ya lalace. A da baƙo ba ya kwana sai mai masaukinsa ya kai shi wajen mai unguwa, shi ya sanar da dagaci, in da abin dubawa ya kai wa hakimi. Dabba ba ta sayuwa a kara sai dillali ya tsaya wa mai ita. Yanzu ana ba da hayar ɗaki ta waya, babur ya shigo da dare ya fita kafin asuba, mai unguwa sai dai ya ji a gari.

Malamin Gwale: To Baba, ai ka dawo kan maganata.

Dattijon Yakasai: A'a. Illar fassararka, da an faɗe ta sai a fara kallon mai cajin waya da Bafulatanin da aka haifa a rugar bayan gari. 'Yan sa-kai su taɓa shi ba hujja, danginsa su rama. Wanda ya ga wani abu kuma ya kama bakinsa, don bai san ko na kusa da shi a sahu ne zai kai sunansa daji ba.

Ɗan Fagge: Wato a daina faɗar ta a gaban taro?

Hajiyar Kurna: A faɗe ta a zauren dagaci, inda za a ce kawo shaida.