Jarumin adabi ne ya hana a taɓa dawakan dajin Ostiraliya?

Malam Habu: Jama'a ni fa na ce rigimar dawakan gandun dajin Kosciuszko daga adabi ta taso. Tun 1890 da marubuci Banjo Paterson ya fitar da waƙarsa The Man from Snowy River aka ƙera wa Ostiraliya namijin da za ta yi alfahari da shi, Bature a kan doki, ba tsoro ba surutu, daji a wurinsa abin murƙushewa ne kawai, har hoton marubucin ke kan takardar dala 10 ta ƙasar. Shi ya sa in masana suka ce a rage dawakan sai ka ga mutane sun harzuƙa kamar ubansu aka zaga

Zainab: Malam waƙa ce fa, waƙa kuma ba ta kafa doka

Malam Habu: ta kafa ƙanwata. A 2018 jihar New South Wales, inda gandun dajin yake, ta yi doka sukutum wai dawakan kayan tarihi ne, dabbar da sai 1788 jiragen ruwan Ingila suka kawo ta

Nura: haba Malam ka cika ɗora wa marubuta. Akwai masu cin abinci da yawon buɗe ido, akwai 'yan siyasa masu neman ƙuri'ar karkara, wasu kuma tausayin doki ne kawai, ko ni ba zan so in ga an harbe shi ba wallahi

Hajiya Rabi: Nura tausayin kwaɗo fa? Dabbobin asalin ƙasar babu mai kofato, dawakan nan sun tattake fadamun kan tsaunuka inda ɗan kwaɗon corroboree ke hayayyafa, shi dai bai samu mawaƙi ba. Abin da ya fi ci min rai ma, kiwon shanun arewacin ƙasar 'yan asalin ƙasa ne suka riƙe kaso mai yawa nasa kan ladan da bai taka kara ya karya ba, har Vincent Lingiari ya ja 'yan ƙabilarsa ta Gurindji suka bar aiki a gandun kiwon shanu na Wave Hill a 1966, amma in an zana jarumin daji kullum fari ne

Zainab: to ai a 2023 jihar ta yarda a harbe su daga jirgi mai saukar ungulu, ana so su dawo 3,000. Jarumin naka ya faɗi kenan Malam

Malam Habu: faɗuwa ina? 3,000 ɗin da aka bari don wa aka bar su?

Nura: don masu ƙuri'a mana. Hajiya dai na ba ta gaskiya a kan kwaɗon, kai kam Malam ban yarda ba tukuna