Camry ta 2025 a hanyar Argungu: ina neman shawara

Baban Hauwa: Salamu alaikum jama'ar zaure. Yayana ya shigo da sabuwar Camry ta 2025, yau na ja ta daga Birnin Kebbi zuwa Argungu na dawo. Da na tada ta ban ji komai ba, shiru kamar an kashe, sai da na taka sosai injin ya amsa. Batir da fetur take haɗawa, injinta lita 2.5. Sitiyari ba nauyi, esi kuwa har sai da na rage. Yara uku sun zauna baya ba a matse ba. Abu ɗaya ya dame ni, ta yi ƙasa, wajen wani tudun rage gudu na ji cikinta ya taɓa. Ina tunanin sayar da Muscle ɗina, wato tsohuwar Camry da nake ja, in ciko in ɗauki irinta. Mi kuka gani?

Nura: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya.

Malam Sani: Tun da aka cire tallafin mai a 2023, duk motar da ke rage shan fetur abin so ce. Ɗauka kawai.

Alhaji Garba: Malam Sani, a yi a hankali. Baban Hauwa, ni na ɗanɗana. Na taɓa sayen Camry mai batir 'yar Kwatano, shekara guda ina jin daɗinta, mai kaɗan nake sha. Ashe batirin nan yana da wata kafar iska wajen kujerar baya da yake shan sanyi ta ciki. Ƙurar hunturu ta toshe ta, ga buhun shinkafa da nake jinginawa wurin, ba wanda ya gaya min. Watan Afrilu, da rana tsaka, tsakanin Jega da Koko fitilu suka kama a gabana, mota ta ƙi ja. Iyali suka sauka ƙarƙashin bedi, ƙaramar 'yata tana kukan ƙishirwa. Bakaniken da aka kawo ya buɗe ya tsaya yana kallo, ya ce bai san kanta ba. Wani riwaya kuma ya taɓa abin da bai kamata ba ya ƙara lalata. Sai Kano aka kai ta bisa babbar mota, wata biyu tana can. Motar ba ta da laifi, mai gyara ne babu kusa. Kafin ka ba da kuɗi, nemo wanda ke da kwamfutar duba ta, ka gan shi da idonka.

Nura: Subhanallah. Alhaji, Allah ya mayar da alheri.

Kabiru: Da Accord kuka saya da ba a yi wannan ba.

Malam Sani: Kabiru, kai da ƙafar motarka ke kuka tun daga Kalgo?

Kabiru: Ramuka ne, ba Honda ba!

Hajiya Rabi: Ku bar gardama. Ƙanena, but ɗinta yana cin kaya? Mu da ke zuwa biki Yauri shi ne damuwarmu.

Baban Hauwa: Yaya Rabi, akwati biyu manya da kula sun shiga, har da saura.

Hajiya Rabi: To madalla. Kujerun fata ne ko yadi? Fata da zafin nan namu sai ka shimfiɗa tawul.

Nura: Baban Hauwa, in dai Muscle ɗin za ka sayar, ni ne farko. Nawa ka sa mata?