Gyambon Baba da jel ɗin da zafi ya taɓa

Salamu alaikum, don Allah lokotoro ko masu farmasi ku taimaka. Baba na da ciwon suga, gyambon diddigensa wata 5 ke nan muna zaryar likita nan Tawa ana wanki ana ɗauri amma sai ruwa yake, takalmi ma ya daina sawa. Ƙanwata ta aiko da wani jel na peptid (ƙananan guntayen furotin) daga Faransa, wai siraran zare yake saƙawa cikin ciwo sabon nama ya samu abin kamawa. To kwalin ya ce a aje a digiri 2 zuwa 8, mu ko wuta ta ɗauke kwana biyu, firigo ya koma tanda. Jel ɗin ya lalace ke nan? Kuma ana sa shi a ciwo mai wari? Wallahi tsoro nake ji.