Oga ya hana ni gwaje-gwaje a shago, in zauna ko in kama gabana?

Yaron Sola: Salam 'yan uwa. Shekarata uku a wajen ogana muna haɗa sola da inbata. Kwanaki na tara matattun batiran laftof na farfasa na ciro ƙananan batiran ciki, wato sel ɗin da ake kira 18650, na auna su ɗaya bayan ɗaya, masu sauran rai na jera su uku-uku da BMS (ɗan allon da ke hana caji ya wuce kima), wallahi fankar DC ta kwana tana juyawa. Oga na gani ya ce shagonsa ba makaranta ba ce, abin da kwastoma ya kawo kawai za a taɓa. Yanzu abokina ya ce in zo mu raba hayar kwantena, ba albashi amma ba mai hana ni gwaji. In tafi?

Mai Tubula: Ka sayi batirin tubula kawai ka huta.

Yaron Sola: Ba batir nake nema ba yallaɓai.

Tsohon Hannu: Ƙanina gwajin nan ne ya raba ni da babur ɗina. Irinsa na haɗa wa wani mai cajin waya a unguwarmu, na yi rowar kuɗin BMS na ce ai cajar za ta tsaya da kanta, ashe wani sel ya zarce volt 4.2 da yake iyakar cajinsa, cikin dare ya kama da wuta, wayoyin mutane sha ɗaya suka narke a kan katako. Kwanana biyu a wajen 'yan sanda. Har yau ba na bin layin nan.

Mai Tubula: BMS ɗin da bai wuce 2,500 ba ka yi wa rowa?

Ɗan Kwantena: Wane 2,500? Satin jiya 7,000 na saya.

Mai Tubula: An dai cuce ka.

Injiniya: Ni lantarki na karanta, haɗa tsofaffin sel masu ƙarfi daban-daban ganganci ne, ya bar wa waɗanda suka sani.

Ɗan Kwantena: Je ka Panteka a Kaduna ka tambayi masu ƙera injin niƙa satifiket. Ko Mubarak da ya haɗa helikofta a Kano a 2007 da injin mota ai ba izinin kowa ya jira ba.

Injiniya: Shi ma ɗalibin BUK ne lokacin, malam.

Sarkin Zolaya: Ka fara gwadawa a gidan surukanka, in bai fashe ba ka kawo mana 😂

Tsohon Hannu: Ni laifin ogana na da nake gani. Da zarar an zo kan bod ɗin inbata sai ya aike ni sayo fiya wata, kafin in dawo ya ɗaure murfi. Da ya bar ni na ƙona abu biyu uku a gabansa da ban je na ƙona na mutane ba.

Ɗan Kwantena: Kai fiya wata ma, ni wankin motarsa nake har da ɗauko yara daga islamiyya, shekara huɗu ko kuɗin sallama.

Yaron Sola: To jama'a ni fa, in tafi ɗin?

Sarkin Zolaya: Tsaya tukuna, kai naka ogan me yake aikenka sayowa?